Jar Laka a Ƙafar Mora

Lahadi, 14 ga Satumba, ƙarfe huɗu na yamma

Ya kamata in fara da shimfiɗa al'amarin yadda yake, domin wanda zai buɗe wannan littafi bayan raina kada ya ce na bar shi cikin duhu.

Ni ne Sigvaldi ɗan Torfi. Shekarata saba'in da huɗu, talatin da ɗaya daga cikinsu ina riƙe da sandar Sarkin Dutse, wato shugaban masu koro tumaki daga tudu, a wannan kwari namu na arewacin Aisland. Bana ma, kamar kowace kaka, mun hau mu goma sha shida bisa dawaki, muka kwana uku a tudu muna koro tumakin da aka saki tun watan Yuni. Jiya muka zuba su cikin babban shinge, kowane gida ya duba tsagar kunne ya ja nasa. An yi waƙa, an sha romon rago, dangi na birni sun zo sun tsaya mana a hanya kamar yadda suka saba. Da aka ƙirga, kowa ya cika ko ya kusa, sai Ketill maƙwabcina. Tumakinsa goma sha tara ba su sauko ba, cikinsu har da Mora, jagabar garkensa.

Rabon ƙasa ni nake yin sa. Tudun Hankaki na ba Jorunn 'yar Hallur, wadda ta bar Reykjavik bara ta dawo ta karɓi gonar mahaifinta. Jan Kwazazzabo, da ke ƙarƙashin tudun a hayin kogi, na ɗaukar wa kaina, kamar kullum. Tumakin Ketill a ɗayan wuraren nan biyu suke kiwo tun kaka da kakanni.

Da muka haɗu a bukkar dutse ranar Alhamis aka tambaye ni labarin kwazazzabo, na ce na duba.

Iyakar abin da ya faru ke nan.

Litinin, 15 ga Satumba, ƙarfe tara na safe

Na rubuta cewa iyakar abin da ya faru ke nan, amma akwai maganar bakin shinge.

Da ƙirga ta ƙare, Ketill na tsaye yana juya hula a hannu, sai Eyvindur na gonar gindin gada, wanda Allah ya ba baki ya hana shi linzami, ya ɗaga murya:

"To ai magana ta ƙare. Wuri biyu ne. Kwazazzabo Sarki da kansa ya duba, abin da babba ya hango kuwa yaro ko ya hau tsauni ba ya hango shi. Saura ina? Ke 'yar birni, ko kin zaci tunkiya ma sai ta danna ƙararrawa kamar mai sauka daga bas?"

Aka yi dariya. Ba ta mugunta ba ce, dariyar mutanen da suka kwana uku kan sirdi ce. Amma dai dariya ce.

Jorunn ta ce, "Eyvi, tudun nan taku-taku na bi shi. Kai da dokinka ya kawo ka gida kana minshari, har kana da bakin magana?" Aka sake kwashewa, wannan karon da shi. Sannan ta juyo gare ni. "Kawu, kai ka ba ni tudun. Ka san na bi shi, ko?"

Tun tana ƙarama Kawu take ce mini. Ni da mahaifinta benci ɗaya muka zauna a makaranta.

Na ce, "An yi hazo sosai ran nan."

Gaskiya ce, an yi hazo. Sai dai na ga yadda jama'a suka karɓe ta: Sarki ya nema wa yarinya uzuri. Ban taɓa sanin mutum zai faɗi gaskiya ta yi masa aikin ƙarya ba sai ran nan.

Talata, 16 ga Satumba, da hantsi

Iska daga arewa. Na ce na duba.

Laraba, 17 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Ketill ya shigo ba sallama, yadda ya saba shekara hamsin. "Ranka ya daɗe, Sarkin duwatsu da hankaki, a taimaka wa talaka da gahawa." Matata Aslaug ta ce masa talakan da ya cinye mata rabin burodi jiya ba talaka ba ne, fara ce. Ya zauna ya fito da ƙahon tabarsa ya shaƙa, ya yi atishawa sau uku.

Can ya ce, "Ba sha takwas ɗin ke damuna ba, Valdi. Mora ce. Ka san ta, ba nama ba ulu, ƙafafu kamar na kujera. Mahauci ko kyauta ba zai karɓe ta ba. Amma safiyar da ta ƙi fita daga turke, ko rediyo ya rantse rana za a yi, ba na sakin ko ɗaya. Shekarar da guguwa ta binne tumakin rabin kwarin nan, ita ta shigo da nawa gida tun kafin ƙanƙara ta fara, ina zaginta ina jifa."

Muka zauna tsara hawa na biyu na ranar Asabar. Ina riƙe da fensir na ce, kamar maganar ta faɗo mini ne kawai, "Ko a sa mutum biyu su leƙa kwazazzabo?"

Saura kaɗan ya shaƙe da gahawa. "A leƙa bayanka? Shekara talatin da ɗaya ko ɗan rago ba ka taɓa bari ba. In tura ɗana ya duba aikinka, gara in tura shi ya koya wa fasto addu'a. Kai dai tsoho, tausayin 'yar Hallur ke damunka."

Na yi dariya tare da shi. Na rubuta mutum takwas, duk Tudun Hankaki.

Dokar hawan nan ta girmi cocinmu. Fiye da shekara ɗari bakwai kowace gona tana ba da mutum gwargwadon garkenta, kuma a tudu ba a maimaita aikin wanda ya ce ya gama, domin yini gajere ne, ƙasa kuwa ba ta da iyaka. Maganar mutum ita ce shingenmu a can. Ni na koya wa yawancinsu wannan.

Asabar, 20 ga Satumba, ƙarfe shida na yamma

Mutum takwas, doki goma sha shida, kare biyar, yini guda cur. Mun tsefe Tudun Hankaki daga baƙin yashi har gindin ƙanƙara. Ko kashin tunkiya sabo ba mu gani ba.

Na zaci wannan zai wanke Jorunn. Ashe ba haka zukata suke aiki ba. Eyvindur ya ce lalle ihun da ta riƙa yi ne ya firgita su suka tsallaka yashi suka nufi kudu, inda ba mai bin su. Kafin mu iso gada, zancen ya tashi daga "lalle" ya koma "an ce," kafin a sauke sirdi ya zama abin da kowa ya sani.

Jorunn ta hau tare da mu. Ita ce ta farko a sirdi, ita ce ta ƙarshen sauka. Ba ta ci komai ba duk yinin. A inda hanya ta karkata ake jin ƙugin kogi, ta tsayar da dokinta ta dubi hayi, ta dube ni. Na gyara linzami.

Lahadi, 21 ga Satumba, bayan coci

Ba wanda ya ce mata komai. Mu ba ma faɗa, shiru muke yi. Wajen shan gahawa a zauren coci an bar mata tebur guda ita kaɗai, da faranti cike da waina, kamar baƙuwar da ba a san harshenta ba. Aslaug ce ta ɗauki kofinta ta je ta zauna da ita.

A gida na zuba gahawa ta malale a tebur. Aslaug ta sa tsumma ta goge ba ta dube ni ba. Ta ce, "Kofin yana hagu da inda kake zubawa, Valdi. Tun bikin Ista yake hagu."

Na ce hannuna ne ke rawa saboda sanyi.

Ta ce, "To."

Shekara arba'in da tara da aure, na san nauyin kowane "to" nata. Wannan ya fi ƙarfin ɗaukata.

Talata, 23 ga Satumba, ƙarfe bakwai na yamma

Na ɗaura wa dokina Blesi sirdi da sassafe na ce zan duba shingen tudu. Na yi tunanin in na shiga ni kaɗai na koro su, sai in ce a hanya na tsince su, kowa ya huta, ba wanda ya yi asarar komai.

Na isa mashigin kogi da tsakar rana. Ruwan da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙanƙara fari ne kamar tsala, ba a ganin ƙasansa. Da ƙwayar ido ake karanta shi, inda ya yi ƙuraje akwai tsakuwa, inda ya kwanta sumul akwai rami. Kowace shekara mashigin yana sauya wuri. Mahaifina ya koya mini karatunsa ina ɗan shekara goma sha ɗaya.

Na tsaya. Blesi ya tsaya.

Na dawo.

Aslaug ta dubi igiyar da ke bayan sirdi da sandar hawa ta ce, "Shingen nan dai ya yi tsawo bana, har sai da igiya." Ta ajiye mini busasshen kifi da man shanu. Ban iya ci ba.

Alhamis, 25 ga Satumba, ƙarfe bakwai na safe

Dusar ƙanƙara ta sauka a tudu. Aslaug ta ce ta kai rabin tsauni. Ita ta ce.

Juma'a, 26 ga Satumba, da rana

A cikin kwazazzabo akwai ɗumi wajen maɓuɓɓugar ruwan zafi, ciyawa takan daɗe a can. Mora ta san wurin. Da wannan nake lallashin kaina, kamar tumaki ne kaɗai aka bari a sanyi.

Asabar, 27 ga Satumba, ƙarfe uku na yamma

Direban motar madara ya kawo labari. Jorunn ta rubuta wa mayanka. Ba 'yan raguna kaɗai ba, garken duka, ɗari biyu da arba'in, har iyaye. Mota za ta zo ranar tara ga Oktoba. Daga nan za ta rufe gidan ta koma Reykjavik.

Tsagar kunnen gidansu, yanka biyu a dama da huda a hagu, tana cikin littafin shaida tun bayan babban aman wutar dutse na 1783, lokacin da toka ta kashe yawancin tumakin ƙasar nan, kakan kakanta ya sake farawa da tunkiya uku. Hallur yakan ba da labarin nan duk kaka har mu ce ya isa.

Direban ya ce, "Ai gara haka. Kiwo ba na kowa ba ne." Ya jira in ce wani abu. Na tambaye shi yadda hanya take.

Litinin, 29 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Na je gidan Jorunn. Na shirya jawabi a hanya, mai kyau, game da haƙuri da yadda maganar mutane take wucewa kamar ruwan bazara.

Na same ta a rumbun ciyawa tana ɗaure buhunan ulu. Ta ce, "Kawu, shigo, amma ka kula da dokin ƙofa, ya fi yadda kake zato tudu." Ta kama mini hannu na tsallaka. Ban nemi ta kama ba.

Na fara jawabina. Ta bar ni na kai tsakiya, sannan ta ce:

"Hazon da ka ce, Kawu, ya yaye tun ƙarfe goma sha ɗaya."

Ta ci gaba:

"Daga kan Tudun Hankaki ana hango mashigi tar. Na ga Blesi tsaye, farin goshinsa kamar fitila. Na bi gefen tudu na dawo, yana nan. Na ci abincina, yana nan. Na ce a raina ko wani abu ya same ka, har na juya zan sauko, sai na ga ka hau ka nufi bukka."

Na ce, "Me ya hana ki faɗa?"

Ta yi wata 'yar dariya. "In ce me? 'Yar birni ta ce Sarki ya yi ƙarya? Eyvi zai samu abin ba da labari har Kirsimeti." Ta ja bakin buhu ta ɗaure. "Kuma kai ka ɗauki akwatin babana a kafaɗa, kai ne a gaba. Ba ni zan tsaya gaban mutane in tuɓe maka hula ba. Na ba ka mako biyu ina cewa yau Kawu zai yi magana, gobe zai yi."

"Jorunn, ki janye takardar mayanka."

"In zauna in zama wa? Wadda ta ɓatar da Mora? Jikokin Eyvi ma da sunan za su san ni. Ka san kwarin nan, har yau ana kiran gonar can ta Jon Mai Barci, mutumin da ya mutu kafin a haifi kakata." Ta karkaɗe hannu. "Za ka sha gahawa? Ni zan zuba."

Na sha. Ta raka ni har bakin hanya, ta juya kan Blesi ya fuskanci gida.

Talata, 30 ga Satumba, ƙarfe goma na safe

Zan rubuta shi sau ɗaya.

Ranar Alhamis, goma sha ɗaya ga wata, na isa mashigi ƙarfe goma. Na dubi ruwa ban ga ƙurajensa ba. Na sauka na zauna kan dutse ina jiran hazo ya yaye. Na ci burodina. Na ji kukan tunkiya daga hayi, sau biyu, na ce wa kaina tsuntsu ne. Bayan awa uku na hau na tafi bukka. Suna zaune su goma sha biyar, duk sun ɗago kai, Eyvindur ya ce, "Sarki, yaya kwazazzabo?"

Da na ce ban iya ƙetarewa ba, da mutum biyu sun tafi da safe, da yanzu ba a ma tuna zancen. Kalma huɗu ce. Na zaɓi biyu.

Ba tsuntsu ba ne.

Laraba, 1 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Ketill ya zo, yau kuwa ya ƙwanƙwasa ƙofa. Bai nemi gahawa ba. Ya ce Aslaug ta ba mu wuri; ta ce kicin ɗinta ne, in sirri yake so ya tafi coci. Ya zauna.

"Mora ta dawo," in ji shi. "Da asuba na ji ana dukan ƙofar turke da ƙaho. Ita da biyar a bayanta, a jere kamar masu zuwa jana'iza. Ta rame, ta dube ni kallon da uwata take yi mini in na makara."

Na ce barka.

"Ƙafafunta jajaye ne har gwiwa, Valdi. Jar laka."

A duk ƙasar da muke kora, wuri ɗaya ne ke da jar laka, inda ruwan zafi ke dafa ƙasa. Yaron goye ma ya sani.

Ya fito da ƙahon taba, ya juya shi, ya mayar aljihu. "Na wanke mata. Su shidan duka, da ruwan ɗumi, tun kafin ɗana ya tashi. Ba wanda ya gani. Za a ce daga kudu suka zagayo." Ya share hanci. "Ran Asabar ni da yaron za mu shiga mu biyu, shiru, mu ce farautar tsuntsu muka tafi. In mun sami sha ukun, to. In ba mu samu ba, tumakina ne, ba na wani ba."

Na ce mutum biyu ba sa shiga kwazazzabo bayan ƙanƙara ta sauka. Ana bukatar goma, da igiya, da masu tsaro a baki.

"Na sani, tsohon banza, kai ka koya mini." Ya miƙe. "Shekara hamsin kana cin nasara a kaina a dara, ban taɓa kama ka da maguɗi ba. Sau ɗaya dai, na yafe. Ka riƙe sandarka."

Aslaug, da ke wanke tukunya ta ba mu baya, ta ce, "Ita ma Jorunn da ruwan ɗumi za ka wanke ta, Ketill?"

Ya sa hularsa a bai-bai ya fita.

Alhamis, 2 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

An buɗe mini ƙofa. Abokina ya wanke shaida da hannunsa, yarinyar ta yi alkawarin shiru, nan da mako guda za ta tafi. Zan iya mutuwa Sarkin Dutse, a yi mini waƙa a bakin shinge.

Kuma Ketill mai shekara saba'in da biyu zai rataya a igiya da mutum ɗaya tak a sama.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Na buɗe aljihun tebur in ɗauko takardar likitan Akureyri, wadda na ɓoye ƙarƙashin littafin shaida tun watan Afrilu. Ba ta nan. Aslaug ta ciro ta daga aljihun rigarta ta ajiye gabana.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun ranar da ka kawo ta. Kai ne ba ka gani, Valdi, ni ina gani." Ta zauna. "Na ce namiji ne, a bar shi ya faɗa da bakinsa. Na bar ka ka hau dutse. Kullum in na ga yarinyar nan sai in ce da na ɓoye maka sirdi. Kada ka zaci kai kaɗai ne ba ka barci."

Na ce ta kawo takarda mai kyau. Ta ce layukana sun fara gangarowa kamar tumaki a kan tudu, ita za ta rubuta, ni in faɗa. Sau uku tana tsayar da ni. Inda na ce "bisa wasu dalilai," ta ajiye alƙalami ta naɗe hannu har sai da na faɗi dalilin.

Juma'a, 3 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Direban madara ya tafi da kwafi goma sha tara, gona-gona. Na farko na ce ya miƙa wa Jorunn a hannu, na biyu Eyvindur, domin abin da ya shiga kunnensa ya riga mota isa ko'ina. Sandar tana jingine a bakin ƙofa, Aslaug ta shafa mata mai. Ga abin da muka rubuta:

*Zuwa ga dukan gonakin kwari, daga gada har bakin teku.*

*Bayan gaisuwa da fatan kaka ta same ku lafiya.*

*Ina sanar da ku cewa ranar goma sha ɗaya ga Satumba ban shiga Jan Kwazazzabo ba. Idona ya yi rauni tun bazara, na sani, na ɓoye. Na kasa karanta mashigi, na zauna a bakin kogi, na dawo na ce muku na duba. Tumakin Ketill a can suke. Shida sun sauko da kansu, goma sha uku suna ciki.*

*Jorunn 'yar Hallur ta bi Tudun Hankaki yadda ya kamata, ba ta bar ko ɗaya ba. Ta ga abin da na yi, ta rufa mini asiri, na bar ta ta ɗauki kayana mako uku. Yinin da mutum takwas suka ɓata a tudunta ni na ɓata shi. Duk wanda ya faɗi wata magana a kanta, a kan maganata ya gina, saboda haka nauyin nawa ne. Amma bakin da ya faɗa shi ne zai janye, wannan ba zan iya yi wa kowa ba.*

*Na ajiye sandar Sarkin Dutse daga yau. Wanda zai ɗauka, ku za ku zaɓa a taron hunturu.*

*Gobe Asabar, ƙarfe shida na safe, ana bukatar mutum goma a gada, da igiya huɗu, da karnukan da suka saba da ƙanƙara. Rediyo ya ce za a sami sarari har yammacin Lahadi. Ina roƙon Jorunn ta ja gaba, in ta yarda, domin ita ce ta ƙarshen da ta ga mashigin bana daga sama. In ta ƙi, ba wanda ke da bakin ganin laifinta. Ni zan zo in riƙe dawaki a bakin kogi, aikin da ya rage mini ke nan.*

*Ba na neman a yi mini uzuri. Abin da nake nema, cikin girmamawa, shi ne haɗin kan kowace gona a kan abu biyu: a fito da tumakin nan kafin hanya ta rufe, kuma kafin ranar tara ga wata kowa ya taka da ƙafarsa zuwa gidan Hallur, ya sha gahawa, ya faɗi abin da ya kamata, domin motar mayanka ta koma yadda ta zo.*

*Naku,*
*Sigvaldi ɗan Torfi.*